Tarihin Imamu Sahnunu, Alƙalin Ƙairawan

Godiya ta tabbata ga Allah Sarkin sarakuna, wanda ya yi umurni da adalci, ya hana zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu kawo muku tarihin wani malami wanda duk almajirin da ya buɗe Risala ko Muhtasar a zauren malaminsa ya sha daga rijiyarsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Shi ne Imamu Sahnunu, mai littafin Mudawwana, alƙalin birnin Ƙairawan. Mutane da yawa sun san shi ta wajen littafinsa, amma kaɗan ne suka san yadda ya riƙe alƙalanci, da abin da ya ke nema ga wanda ya zo gabansa da ƙara, ko da shaida, ko da wakilcin wani. Wannan shi ne abin da mu ke nufin bayyanawa, bisa ga abin da malaman tarihi suka ruwaito, musamman Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a shekara ta 544 ta Hijira (1149), a cikin littafinsa Tartibul Madarik.

Asalinsa da neman ilminsa

Sunansa na yanka Abdussalami ɗan Sa'idu ɗan Habibu, alkunyarsa kuwa Abu Sa'idu. Balarabe ne daga kabilar Tanuhu. Ubansa ya zo ne daga Himsa ta ƙasar Sham, cikin rundunar da aka aiko Ifriƙiyya, watau ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu. An haife shi a watan Azumi na shekara ta 160 (777), ya tashi a Ƙairawan, birnin da Uƙbatu ɗan Nafi'u ya kafa a shekara ta 50 (670). Sahnunu laƙabi ne, sunan wani tsuntsu mai kuzari, an laƙaba masa shi sabo da kaifin hankalinsa wajen warware mas'aloli.

Ya fara karatu a hannun malaman ƙasarsu, kamar Buhululu ɗan Rashidu a Ƙairawan, da Aliyu ɗan Ziyadu a birnin Tunis, dukansu biyu kuwa sun ji karatu daga bakin Imamu Maliku. Shi kansa ya yi marmarin zuwa Madina ya zauna gaban Imamu, amma rashin guzuri ya hana shi, har Maliku ya rasu a shekara ta 179 (795), shi yana da shekara 19. Ya kasance yana ambaton wannan da baƙin ciki har tsufansa, yana ɗora laifin a kan talauci.

A shekara ta 188 (804) ya sami hali ya tafi Masar. Can ya tarad da manyan almajiran Maliku, watau Ibnul Ƙasim da Ibnu Wahabi da Ashhabu. Ya lazimci Ibnul Ƙasim, wanda ya zauna da Maliku shekara 20. Ya yi aikin hajji, ya ji karatu wajen malaman Makka da Madina, kana ya komo gida a shekara ta 191 (807), shekarar da malaminsa Ibnul Ƙasim ya rasu.

Asalin Mudawwana kuwa shi ne, kafin tafiyar Sahnunu wani malamin Ƙairawan mai suna Asadu ɗan Furatu ya riga ya je wurin Ibnul Ƙasim da tambayoyi masu yawa na fiƙihu, ya rubuta amsoshin, aka kira littafin Asadiyya. Sahnunu ya ɗauki wannan littafi ya koma da shi wurin Ibnul Ƙasim, suka bi shi mas'ala bayan mas'ala. Abin da malamin ya ji daga Maliku ya tabbatar, abin da ya ke ra'ayinsa ne ya bayyana, abin da ya ga ya yi kuskure a da ya janye. Ibnul Ƙasim ya rubuto wa Asadu takarda cewa ya gyara nasa littafin ya dace da na Sahnunu, Asadu ya ƙi. Sahnunu ya tsara babobin, ya ƙarfafa su da hadisai da maganganun magabata. Mutane suka bar Asadiyya suka rungumi Mudawwana, har ta zama uwa ga littattafan mazhabar Malikiyya bayan Muwaɗɗa.

Da ya komo gida bai nemi kusantar fada ba. Yana da gonar zaitun, daga cikinta ya ke ci, ya ke tufafi, ya ke sadaka, wani lokaci ma shi da kansa ya ke fita aikinta. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya ba shi ikon abin da ya yi daga baya. Wanda abincinsa ba ya hannun sarki, ba ya jin nauyin gaya wa sarki gaskiya.

Jarrabawar da ya sha

A zamanin nan sarautar Ifriƙiyya tana hannun gidan Aglabu, wadda Ibrahimu ɗan Aglabu ya kafa a shekara ta 184 (800) da yardar Halifa Haruna Rashidu na Bagadaza. Alƙalin Ƙairawan na lokacin, Ibnu Abil Jawadi, yana kan ra'ayin Mu'utazilawa, masu cewa Alƙur'ani halitta ne. Wata rana aka yi jana'iza, alƙali ya shige gaba zai yi salla, Sahnunu ya juya ya ƙi binsa. Magana ta kai ga Sarki Ziyadatullahi, ya yi umurni a yi masa bulala 500, a aske masa kai da gemu. Sai wazirin sarki ya tsai da manzon, ya shiga ya tunatar da sarki cewa dukan malami irin wannan ba ya jawo wa mai mulki alheri. Sarki ya janye umurninsa.

Abin bai tsaya nan ba. A shekara ta 231 (846) Ahmadu ɗan Aglabu ya ƙwace iko daga hannun ɗan'uwansa Sarki Muhammadu, ya tilasta wa malamai su yarda da maganar halittar Alƙur'ani. Aka kamo Sahnunu aka tsai da shi a fada gaban alƙali da manyan gari. Ya tsaya a kan abin da ya koya daga malamansa, cewa Alƙur'ani zancen Allah ne ba halitta ba. Waɗansu suka ba da shawara a kashe shi. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a hana shi fatawa da karantarwa, a tsare shi a gidansa. Ba a daɗe ba Muhammadu ya karɓe mulkinsa, aka sake shi ya koma kan karatunsa.

Yadda ya karɓi alƙalanci

Sa'ad da aka tuɓe Ibnu Abil Jawadi bayan shekara 18 yana alƙalanci, Sarki Muhammadu ɗan Aglabu ya tara malamai ya yi shawara da su, daga ƙarshe sarki ya zaɓi Sahnunu. Shi kuwa ya ƙi. Shekara guda cur sarki yana lallashinsa yana ƙi, har sarki ya rantse masa rantsuwa mai nauyi, ya ba shi duk abin da ya shardanta. Sharaɗinsa shi ne hukuncinsa ya hau kan kowa, har iyalin sarki da danginsa da barorinsa da shi kansa sarki. Ya kuma gaya wa sarki a fili cewa da mutanen gidansa zai fara, domin akwai haƙƙoƙin talakawa da dukiyoyinsu a hannunsu tun da daɗewa, waɗanda alƙalan da suka gabata ba su iya taɓawa ba. Sarki ya yarda.

Ya hau alƙalanci a watan Azumi na shekara ta 234 (849), yana da shekara 74. A ranar ya fito daga fada bisa dabbarsa ba da wata rigar sarauta ba, fuskarsa a murtuke, har ba wanda ya iya yi masa barka. Ya shiga wurin 'yarsa Hadiza, wadda ta ke mace ce mai ilmi da tsoron Allah, ya shaida mata cewa a ranar an yi wa ubanta yankan da ba a sa wuƙa ba, yana nuni ga hadisin nan da ya zo a kan haɗarin alƙalanci. Da wannan ne mutane suka gane ya karɓa.

Duk tsawon alƙalancinsa bai karɓi albashi ko kyauta daga sarki don kansa ba. Amma ya karɓar wa magatakardansa da mataimakansa da ƙananan alƙalansa abin da za su ci, daga kuɗin jizya, domin ya san ma'aikacin shari'a in an bar shi da yunwa, hannunsa zai miƙa ga masu ƙara.

Tsarin majalisarsa

Kafin zamaninsa alƙali yana zama ne a fili cikin masallacin Juma'a, jama'a sun kewaye shi, kowa yana jefa bakinsa. Sahnunu ya ga yawan mutane da yawan surutu suna raba hankalin alƙali, suna kuma tsorata mai rauni. Sai ya gina ɗaki a cikin masallacin, ba mai shiga sai mai ƙara da wanda a ke ƙara da shaidunsu. Alƙalan Malikiyya da suka zo bayansa suka ci gaba da zama a ɗakin nan.

Masu ƙara suna rubuta sunayensu a kan 'yan takardu a ajiye gabansa, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Mai dukiya ba ya tsallake talaka, bafade ba ya tsallake baƙauye. Ba a shigar da kowa gaban wani sai wanda lalura ta matsa masa, ko wanda ya zo a firgice yana neman agaji.

In abokan shari'a biyu suka tsaya gabansa, abin da ya ke nema gare su shi ne kowa ya faɗi da'awarsa ya kawo hujjarsa. Wanda ya zagi abokin shari'arsa ko ya ci masa mutunci, nan take zai ladabtar da shi. Haka kuma wanda ya rantse da saki ko da 'yanta bawa, domin ba ya yarda a rantse da wanin Allah. Ƙaramin ladabi a nan masallaci a ke yinsa, amma in hukunci ya kai ga haddi, sai ya sa a fitar da mai laifi waje.

Babu abin da ya fi tsanantawa a kai kamar kare mai shaida. Wanda ya yi wa mai shaida barazana, ko ya soma zayyana aibinsa tun ba a tambaye shi ba, sai ya sha horo. Hujjarsa ita ce, in aka bar mutane suna cin zarafin shaidu, gobe ba wanda zai yarda ya zo ya ba da shaida, haƙƙin mutane kuwa ya salwanta ke nan. Ba ya hana sūkar shaida, domin shari'a ta ba wanda a ke ƙara wannan dama. Abin da ya ke so shi ne a jira har alƙali ya buɗe ƙofar, ya tambaya ko akwai abin sūka, sa'an nan a kawo shi da hujja. Yana nuna musu cewa binciken halin shaidu nauyi ne da ke wuyansa, kuma ya fi su damuwa da shi.

Mutum ne mai kwarjini ƙwarai, har mai shaida ya kan shigo ya ruɗe, bakinsa ya kasa buɗuwa. In ya ga haka sai ya kau da kai ya shagala da wani abu, har mutumin ya natsu. In tsoron ya daɗe, sai ya yi masa magana mai taushi, ya nuna masa babu sanda babu bulala a hannunsa, ya umurce shi ya faɗi abin da ya sani kawai, ya bar abin da bai sani ba.

Maganar wakilai

Wakili shi ne wanda mutum ya ke naɗawa ya tsaya masa a gaban alƙali, ya yi magana da bakinsa, kamar aikin da lauya ya ke yi a zamaninmu. A nan ne Sahnunu ya yi abin da ya bambanta da sauran malamai. Mai ƙara yana iya naɗa wakili, amma wanda a ke ƙara ba ya karɓar wakili daga gare shi sai da uzuri bayyananne, kamar mara lafiya, ko mai shirin tafiya, ko macen da ba ta saba fita ba.

Dalilinsa a fili ya ke ga wanda ya dubi waɗanda a ke kawo ƙararsu. Yawancinsu manyan fada ne da shugabannin yaƙi, waɗanda suka ƙwace gona ko gida ko dukiyar wani. Irin wannan mutum, in an ba shi dama, zai zauna a gidansa ya aiko wani mai kaifin baki, ya yi ta jan magana yau da gobe, har talaka ya gaji ya bar haƙƙinsa. Amma in aka ce sai ya zo da ƙafarsa, ya zauna daidai da wanda ya zalunta, ya amsa da bakinsa, ya rantse da kansa in rantsuwa ta hau shi, to, rabin girman kan da ya ke zalunci da shi ya riga ya zube tun a bakin ƙofa.

Mutanen sarki suka ji zafin wannan, suka kai kuka fada cewa alƙali yana tsananta musu. Sarki ya aiko masa manzo cewa mutanen nan masu taurin kai ne, yana so ya hutar da shi daga sharrinsu, sabo da haka ya bar duba shari'unsu. Sahnunu ya mayar da manzon da amsa mai zafi, ya tuna wa sarki cewa ba wannan ne alkawarin da ke tsakaninsu ba, ya kuma tuhume shi da cewa ya yashe shi. Da amsa ta isa, sarki bai yi fushi ba, ya shaida wa na kusa da shi cewa babu yadda za a yi da mutumin da ba ya nufin kowa da aikinsa sai Allah.

Haka kuma, a cikin shekarun alƙalancinsa aka yi tawaye a birnin Tunis, rundunar sarki ta je ta murƙushe shi, waɗansu mayaƙa suka kwaso mata suna riƙe da su kamar bayi. Sahnunu ya aika aka karɓe su, domin 'ya'ya ne, Musulmi, babu bauta a kansu. Sarki ya aiko a mayar da su ga waɗanda suka kamo su, ya ƙi, ya nuna gara a tuɓe shi da ya aikata haka. Matan suka tsira.

Ban da shari'a, shi ne alƙali na farko a ƙasar da ya ɗauki aikin hisba a hannunsa, yana duba kasuwa, yana horon masu algus da masu tauye mudu. Shi ne kuma ya fara ajiye amanar dukiyar mutane a hannun amintattu, alhali a da a gidan alƙali a ke ajiye ta. Ya naɗa amintattu a ƙauyuka, yana rubuta musu takarda su binciko masa halin shaidu.

Abin da aka yi magana a kansa

Tarihi ba ya cika sai an faɗi daɗi da ɗaci. Bayan hawansa, waɗansu magada suka kawo ƙarar tsohon alƙali Ibnu Abil Jawadi a kan wata ajiyar dukiya ta ubansu. Ya musanta, hujja ta tabbata a kansa, ya ƙi biya. Sahnunu ya sa aka tsare shi, a ke fito da shi lokaci bayan lokaci a yi masa bulala. Matarsa Asma'u, 'yar Asadu ɗan Furatu, ta nemi ta biya daga dukiyarta, Sahnunu ya ce ba zai karɓa ba sai mijin ya amsa cewa bashin yana kansa. Ya ƙi amsawa, har ya yi ciwo ya mutu a cikin wannan hali. Waɗansu suka ce an yi masa haka ne sabo da aƙidarsa da abin da ya yi wa malamai a da. Sahnunu kuwa ya kasance yana cewa gaskiya ce ta kashe shi, ba shi ba. Allah ne masanin zukata. Amma abin ya ishe mu wa'azi, domin in mutum kamar Sahnunu, wanda bai ci kwabon kowa ba, bai tsira daga bakin mutane ba sa'ad da ya hukunta wanda suka taɓa samun saɓani, ina ga waninsa? Don toshe irin wannan ƙofa ne malaman fiƙihu suka hana alƙali ya yi hukunci a kan wanda ke da ƙiyayya ta duniya tsakaninsu.

Ƙarshen rayuwarsa

Fadawa ba su daina kai kuka ba. Da sarki ya ga ba zai iya tuɓe shi ba sabo da girmansa a idon jama'a, sai ya naɗa wani alƙali na biyu tare da shi, mai suna Ɗubni, domin mutanen fada su sami inda za su kai shari'unsu. Sahnunu ya gane abin da a ke nufi, ya lazimci gidansa na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma ya ci gaba da zama. Bai daɗe ba Allah ya karɓi ransa, a watan Rajab na shekara ta 240 (854), yana da shekara 80, yana kan alƙalanci. Sarki Muhammadu ne ya yi masa salla. Ya aiko da likkafani da turare daga fada, amma ɗansa Muhammadu, wanda ya san halin ubansa, ya yi dabara ya sa shi cikin wani likkafanin, ya yi sadaka da na sarki. Kabarinsa yana Ƙairawan.

Ya bar almajirai masu yawa a Ifriƙiyya da Andalus. Cikinsu akwai ɗansa Muhammadu, mai littafi a kan ladubban malaman makarantar allo, wanda ya rasu a shekara ta 256 (870), da Yahaya ɗan Umaru, mai littafi a kan hukuncin kasuwa, da Isa ɗan Miskinu, wanda shi ma ya yi alƙalancin Ƙairawan. Daga Mudawwana ne Ibnu Abi Zaidin mai Risala ya sha, haka kuma Shehu Halilu mai Muhtasar. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Muhammadu Kisoki, cikin ƙarni na 16 na Miladiyya, wani malami mai suna Shehu Abdussalami ya zo Kano da Mudawwana.

Game da wakilci, malaman da suka zo daga baya ba su bi shi a kan hana wanda a ke ƙara naɗa wakili ba. Ibnu Asimi mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka sani, ya ambaci ra'ayin Sahnunu, amma aiki ya gudana a kan halasci, domin akwai mai gaskiya wanda ba shi da baki, in ba a tsaya masa ba sai a cuce shi. Duk da haka sun kiyaye abin da ya ke gudu, suka ɗaure wakilci da sharuɗɗa. Wakili ɗaya a ke naɗawa a shari'a ɗaya. Wanda ya riga ya zauna da abokin shari'arsa sau 3 gaban alƙali ba ya kawo wakili sai da uzuri. Ba a naɗa maƙiyin abokin shari'a don a musguna masa. Wanda kuma aka san shi da ruɗa shari'a da jan magana, alƙali ba ya karɓarsa.

To, jama'a, a zamanin En'e lauya ba ya tsayawa gaban alƙali a ƙasarmu, yanzu kuwa yana tsayawa. Wanda Allah ya ba shi wannan aiki ya dubi abin da Sahnunu ya nema ga masu magana a majalisarsa: ya kawo hujja ya bar zagi, ya tambayi mai shaida ba tare da ya firgita shi ba, kada ya ja shari'a don mai rauni ya gaji, kada kuma ya zama labulen da azzalumi zai ɓuya a bayansa. Alƙali kuwa ya dubi inda abincinsa ya ke fitowa, da wanda ya ke fara kira in an taru a ƙofarsa.

Allah ya jiƙan Imamu Sahnunu, ya gafarta masa, ya saka masa da alheri bisa ga abin da ya bar wa Musulmi. Allah ya ba alƙalanmu ikon tsai da gaskiya, ya kiyashe mu da zaluntar wani, ya kiyashe mu da a zalunce mu, amin. Wassalamu.